Ranar da motata ta ce ba ta san ni ba

Shekara 14 na yi da tsohuwar motata, har tarinta na sani. In ta ƙi tashi da safe, na san inda zan ƙwanƙwasa mata dutse. In ta ƙi jin dutse, yaran unguwa huɗu sun ishe ta. Bara na sayar da ita, na ci bashin banki na sayi sabuwa dal, har yau ban cire ledar kujerunta ba. Mai sayarwa ya rantse mini cewa wannan ba ta san hanyar gareji ba. Ko ramin lakilen tada inji ba ta da shi. Wani ɗan abu ne kamar akwatin ashana za ka jefa aljihu, ka taka birki, ka danna maɓalli, shi ke nan.

Ana nan sai surukina ya taso daga Tawa zuwa Yamai ganin likitan ido. Baba ba mutumin da ake yi wa burgar mota ba ne. Ƙuruciyarsa duk a kan babbar mota ta ƙare, tsakanin Tawa da Agadas da Arlit, kuma har gobe ya yi imani cewa tun daga Peugeot 504 ba a sake ƙera mota ba, gwangwani kawai ake fentawa. Uwargida ta ce a bari taksi ya kawo shi. Na ce Allah ya kiyaye. Dattijo ya yi kilomita fiye da 500 a cikin bas, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ai ya cancanci sanyin kilim. Gaskiyar magana kuwa, so nake ya gani.

Watan Afrilu ne, rana ta take tsaka. Na durƙusa na gaishe shi a tasha, na karɓi jakarsa da buhun albasar da ya riƙo mana tsaraba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya ce, "Allah ya sa alheri." Bai ƙara ba.

A danjar farko na taka birki, inji ya yi tsit.

"Ta mutu," in ji Baba.

"A'a Baba, hutawa take yi. Haka aka ƙera su, in an tsaya sai ta kashe kanta don tsimin mai, ina ɗaga ƙafa za ta tashi."

"To. Mu a zamaninmu sai an yi aiki ake hutawa."

Ya ce in biya da shi Katako zai sayi kwaɗon ƙofa. Muka sauka, ya zaɓi wani ƙato, ya taya, ya biya, muka dawo. Na kama hannun ƙofa, shiru. Na ciro ɗan akwatin ashanar nan na danna, shiru. Na ɗaga shi sama kamar mai neman rezo, na goga shi a riga, na hura masa iska. Mota ta tsaya tana ƙyalli, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.

Wanda ya san Katako ya san ba a rasa ƴan kallo. Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Wani yaro mai tura baro ya karɓi abin, ya matsa wani ɗan tudu a gefensa, sai ga lakilen ƙarfe ya zaro daga ciki. Wata takwas ina yawo da shi a aljihu ban sani ba. Na buɗe ƙofa, mota kuwa ta ɓarke da kururuwa, fitilu na ta walƙiya. Wani mai sayar da katako ya matso ya ce, "Malam, taka ce kuwa?" A gaban surukina na fito da takardun mota ina nuna wa mutanen da ban taɓa gani ba.

Da ta gaji ta yi shiru, na zauna na danna maɓalli. Ba ta tashi ba, sai ta rubuto mini magana a allonta da Ingilishi, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal. A nan ne gabana ya faɗi, don sati biyu ke nan kullum da safe tana rubuto wani abu da hoton lakile a gefe. Ni na ɗauka ina kwana take yi mini.

Baba ya naɗe hannun riga. "A tura ta."

Na san motar da ke sauya giya da kanta ba ta tashi da turi, ko daga nan zuwa Doso za a kai ta. Giyar ma a kulle take, birkin hannu kuma ba sanda ba ce da za ka sauke, maɓalli ne, shi ma ya shiga yajin aiki. Amma wa zai ce wa surukinsa a'a a bainar jama'a? Ƙarti shida suka dafa, suka yi salati, suka yunƙura. Ko gezau. Na sallami kowa da dala 20.

Na kira makanikena, wanda ya raini tsohuwar motata kamar ƴarsa. Ya iso a kan babur da guduma da sifana 12. Ya ɗaga murfin gaba, ya tarar da baƙar roba shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, ina aka ɓoye injin?" Baba ya sunkuya yana laluben kafireta, aka ce masa babu, kwamfuta ce ke auna mai yanzu. Ya ɗago ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya sayi doki ba kai. Makanike ya danna oda ya ji ta da ƙarfi, ya ce batir lafiya lau, ciwon na kwamfuta ne. Akwai mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, jika 10 kafin ya buɗe baki, amma yana Harobanda, ƙetaren gulbi, sai bayan la'asar.

Duk wannan abu wani saurayi mai gyaran salula yana zaune ƙarƙashin laimarsa yana kallonmu. Ya miƙo hannu na ba shi abin. Ya sa farce ya ɓare shi gida biyu, ya ciro wani ɗan batiri mai kama da kuɗin ƙarfe, an rubuta 2032 a bayansa, ya sa sabo. Dala 100. Na danna, mota ta ƙyafta fitilu, ta tashi sumul.

"Ai ko ba sabon batiri, Alhaji, da ka dangwala shi a jikin maɓallin da ta tashi. Yana cikin littafinta."

Littafin yana nan cikin aljihun mota, a ledarsa. Sai a lokacin na tuna autanmu, wanda kullum da magariba yake tsayawa a ƙofar gida yana danna abin nan ba ƙaƙƙautawa don ya ga fitilu na yi masa wasa.

Na biya makanike jika 2 kuɗin man babur, muka kama hanya. Kilim na busawa, albasa ta dahu a baya tana ba da nata ƙamshin. Baba ya ɗora kwaɗonsa a cinya, yana buɗe shi yana rufewa da ɗan lakilensa, ƙyas, ƙyas, bai ce uffan ba. Muna isa danjar kusa da gida na taka birki, inji ya yi tsit. Kafin in buɗe baki, Baba ya riga ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya a kan kwalta, yana yafato wasu samari biyu da ke bakin hanya.