Kada kuɗin mai ya cinye kuɗin inhela

Tsakanin bakwai da takwas na safe, duk shataletalen da ka tsaya a Kano ko Zariya ko Katsina za ka ga magidanci a kan Boxer ko roba-roba, yaro ɗaya a kan tanki, biyu a baya, jakunkunan makaranta na reto. A cikin waɗannan iyayen akwai masu asma, wadda manyanmu ke kira fuka. Da su nake magana, don akwai wani lissafi da da yawansu suka koma yi wanda a ganina asara ce tsagwaronta.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce dubu a wurare da dama. Mai ƙona lita ɗaya a rana da can yana kashe kamar 6,000 a wata. Idan lita ta kai dubu, 30,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Ana cikin haka, a Agustan 2023 kamfanin GSK mai yin magungunan asma Ventolin da Seretide ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya, ga naira ta faɗi, sai kuɗin inhela, wato gwangwanin maganin da mai asma ke shaƙa, ya ninka ya sake ninkawa. Mai ba ya jira, in babu shi yara ba za su je makaranta ba. Saboda haka abin da ake yankewa shi ne maganin kariya da sabis ɗin mashin, wato abubuwa biyun da ke riƙe da ƙirjin mutum.

Inhela kala biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke kai mutane gadon asibiti. Shuɗiyar, mai salbutamol, irin Ventolin, buɗe hanyar iska kawai take yi na kamar awa huɗu. Ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyar numfashin ba, wanda shi ne ainihin ciwon. Mai kashe kumburin ita ce ta kariya, irin beclometasone mai ruwan ƙasa, ko wadda aka haɗa budesonide da formoterol. Ta kariyar ba a jin aikinta nan take, sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙa, shi ya sa in aljihu ya yi zafi ita ake fara jefarwa, ana cewa ai ba ta komai. Tun 2019 ƙa'idar duniya kan asma ta daina yarda babba ya dogara da shuɗiya ita kaɗai. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kana neman shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinka da dare, ko ka shanye gwangwani uku a shekara, ciwon ya fi ƙarfin tsarin da kake kai, koma wurin likita. In kuɗin Ventolin ya gagara, salbutamol na wani kamfani mai lambar NAFDAC magani ɗaya ne, suna ne ya bambanta.

Ita kanta shuɗiyar, yawancin mutane ɓarnar ta suke yi. Gwangwani feshi 200 ne. In ka fesa a gaggauce ba ka daidaita da jan numfashi ba, maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, kuɗinka ya bi ruwa. Girgiza ta tukuna. Fitar da numfashi duka, kama bakinta da leɓe, fara ja a hankali sannan ka danna sau ɗaya, ka ci gaba da ja, ka riƙe kamar daƙiƙa goma. In za ka ƙara, sake girgizawa. Wanda ya fi wannan, ga kuma araha: gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a huda gindinta daidai bakin inhelar, a cusa ya matse, a fesa sau ɗaya a ciki, a ja numfashi huɗu ko biyar ta bakin gorar. An gwada wannan dabarar a kan yara a Afirka ta Kudu kuma ta yi aiki kamar gorar shaƙar inhela da ake saya a kanti. Ta kariya kuma a kurkure baki bayan an shaƙa, don kada fararen ƙuraje su fito a harshe.

Wani abu da ke yaudarar mutane: gwangwani na ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare. Jin motsi in an girgiza ba shaida ba ce, jefa shi a ruwa a ga ko zai taso ma ba shaida ba ce. Rubuta ranar da ka buɗe a jikinsa, ka riƙa ƙiyasin feshin. Kuma kada a ajiye shi a akwatin mashin kusa da inji, ko a bar shi a rataye a rana. Bai kamata ya wuce zafin digiri 30 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. Aljihun gaba na riga ya fi, inda hannu ɗaya zai kai.

Sai mashin ɗin. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai fasa sabis don ya rage kashe kuɗi, alhali mashin da ba a yi wa sabis ba shi ne mai zuƙar mai, kuma shi ne mai hayaƙi. Duba bakin salansa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya rinjayi iska: ko soson iska ya toshe da ƙura, ko kafireto na bukatar saiti, ko an manta cok a ja. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi ringi ya ci. A hunturu soson iska na toshewa da wuri, a ba bakanike ya wanke, kada mai asma ya wanke da fetur da hannunsa. Fulogi ba shi da tsada, in ya yi baƙi ƙirin a canja. Sarka ta samu mai, sakinta kada ya wuce kamar faɗin yatsa biyu. Taya kuma a leƙa wurin mai faci kowane mako, don taya mai ƙarancin iska na shan mai a ɓoye, balle an ɗora yara uku.

Tsadar mai ta kuma dawo da wasu halaye da suka fi hayaƙin hanya illa. Na farko tsotsar fetur da tiyo daga mashin zuwa janareto ko akasin haka. Tururinsa kaɗai ya isa ya shaƙe mai asma, in kuwa ɗigo ya sarƙe shi ya gangara huhu, magana ta zama ta asibiti ko da ba shi da asma. Na biyu ajiye jarkar mai a ɗaki ko a zaure saboda tsoron ƙarin farashi. Na uku tayar da mashin a cikin zaure da sanyin asuba, a bar shi yana ɗumama ana ba shi wuta, hayaƙin na shiga ɗakin da yara ke shiri. Tura shi waje tukuna, minti ɗaya ya ishe shi. Man 'yan bumburutu kuma, wanda ake saye rabin kwalba saboda kuɗin lita bai cika ba, ba ka san me aka gauraya a ciki ba, kuma a kan lita ya fi na gidan mai tsada.

A hanya, wurin da mai mashin ke tsayawa a danja ko a gosulo shi ne daidai bakin salansar tirela ko tsohuwar bas. Koma gefe ko ka wuce gaba, in tsayuwar za ta yi tsawo ka kashe inji, ka rage mai ka rage hayaƙi. Fita da minti goma sha biyar kafin cunkoso ya fi duk wata dabara. Rawani ko ƙyalle a hanci yana tare ƙura mai kauri, yana kuma ɗumama iskar hunturu kafin ta shiga ƙirji, wanda ba ƙaramin amfani ba ne tunda busasshiyar iska mai sanyi na tayar da ciwon. Amma ƙura mai laushi sai takunkumin N95 da ya kama fuska sosai, shi ma ba ya tare iskar gas ɗin hayaƙi. Yaron da ke kan tanki shi ke fara shan ƙurar kafin ubansa, kuma asma na bin jini. In yana tarin dare ko ƙirjinsa na kuka bayan guje-guje, a daina cewa sanyi ne, a kai shi a duba.

Bari in taɓo kemis. Mai yini a kan mashin ba ya rabuwa da ciwon baya, sai a ce a ba shi haɗi. A cikin haɗin nan sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko asfirin, kuma akwai masu asmar da waɗannan ke tayar wa ciwo mai tsanani. In ka taɓa lura ƙirjinka ya riƙe bayan ka sha su, tsaya a farasitamol. Ƙwayar salbutamol ta haɗiya tana da araha, amma tana sa rawar hannu da bugun zuciya, Piriton kuma barci take sawa, duka biyun ba na mai riƙe da kan mashin da yara a baya ba ne. Prednisolone da wasu suka mayar abin sha kullum saboda arha, in aka daɗe a kai tana jawo hawan jini da sukari da raunin ƙashi. Ta kwanaki kaɗan ce, bisa umarnin likita.

In ciwon ya tashi a hanya, kada a ce bari in ƙarasa makarantar. Faka, sauke yaran, zauna a miƙe nesa da titi, kada ka kwanta. Feshi ɗaya kowane rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma. In bayan goman ba sauƙi, ko ba ka iya haɗa jimla ɗaya ba tare da ka tsaya numfashi ba, ko leɓe ya fara canja launi, asibiti kai tsaye, a adaidaita, ba a kan mashinka ba. Bar shi wurin mai shago. Kuma tun a gida a nuna wa babban yaron aljihun da inhelar take, a sa ya haddace lambar wayar mahaifiyarsa.