Wa Zai Yi Wa Zariya Yaɓe?

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana tsakiyar sallar La'asar, wani ɓangare na rufin Babban Masallacin Zariya ya rufto kan masallata. An rasa rayuka, wasu da dama suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa sun yi shahada. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai a lokacin cewa kwana ɗaya kafin abin ya faru an lura da tsagewa a jikin ginin, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Tun daga ranar nake jin wata magana tana yawo a majalisu, daga Babban Dodo har Samaru: wai ginin ƙasa ya gama zamaninsa, a rushe duk abin da ya saura a zuba bulo da kankare kowa ya huta. Na san daga inda maganar ta fito, domin wanda ya ɗauki gawar ɗan'uwansa daga ƙarƙashin ƙasa ba a yi masa gardama. Amma ban yarda da hukuncin ba, kuma ina ganin in muka bi shi ido rufe za mu yi asarar da kuɗi ba za su mayar ba.

A tuna wane gini ake magana a kai. An gina masallacin nan a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya fito daga gidan Katsinawa. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, sunan da har yau gidansa da zuriyarsa ke amsawa a cikin birni. Ba ƙarfe, ba siminti. Tubali ne da azara da jar ƙasa. Azara, wato itacen giginya da aka tsaga, gara ba ta cika damunta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyi in tazarar ta yi faɗi. Sai magina suka gano dabarar jera ta gajere-gajere, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga wannan ginshiƙi ya sadu da ɗan'uwansa a sama. A kan waɗannan bakunan ake ɗora tulluwa. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ɗakin sallar ya ɗaga kai ya san abin da nake nufi: ginshiƙai masu kauri da aka yi wa zane mai zurfi, sanyi a tsakiyar bazara, da muryar liman tana isa sahun ƙarshe. Wannan ginin ya sha damina kusan 190. A nuna mini ginin bulo ɗaya a Zariya da ya kai rabin haka.

Abin da ya riƙe irin waɗannan gine-gine tsawon wannan lokaci shi ne yaɓe. Ni a cikin ganuwa na tashi, a gidan da zaurensa na ƙasa ne. Kowace shekara, da zarar zafi ya tsananta aka fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas, kakanmu zai aika a kira maginin gidanmu. Na ce maginin gidanmu domin ubansa ne ya yi wa uban kakanmu gini. Jakai su kawo ƙasa daga kududdufi, a jibge a ƙofar gida, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, mu yara mu naɗe wando mu shiga muna takawa. Ba a amfani da kwaɓin ranar da aka yi shi. Sai ya kwana biyu ko uku ya ruɓa, ana juya shi. Tsohon zai hau soro ba takalmi, yana tafiya a hankali yana sauraron rufin da tafin ƙafarsa. Inda ya ji ya yi laushi sai ya tsaya ya ce, "Kai ɗan nan, miƙo mini kwaɓi." Ya duba bakin kowane indararo, ya gyara zankwayen da ruwan bara ya cinye, sannan a bi bango da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ta bar jikin gini da wani ja mai duhu da ruwa ke zamewa a kai. Aikin kwana uku ne ko huɗu. Ladansa kuɗi kaɗan, da tuwon rana, da goro.

Da kakanmu ya rasu, shi ma maginin ya tsufa, 'ya'yansa kuwa ɗaya ya zama direba, ɗaya ya koma ɗinkin keke. Sai muka yi abin da kowa ke yi a unguwa: muka haɗa kuɗi aka shafe zauren da siminti, muna murna mun rabu da wahalar kowace shekara. Na tuna tsohon ya zo wucewa da sandarsa, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce wa babanmu, "Alhaji, kun sa masa rigar da ba zai iya numfashi a ciki ba." Ba wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Ashe siminti da ƙasa ba sa kama juna. Rana ta buga, simintin ya tsage siriri, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta yi ta jiƙa tana narkewa alhali daga waje bango sumul. Da yaɓen ƙasa ne, da ido ya ga inda ya zaizaye an toshe. Damina ta bakwai bayan shafen, cikin wani dare na watan Agusta, kusurwar zauren ta zauna. Allah ya taƙaita ba kowa a ciki. Yau shaguna biyu ne a wurin, da ƙofar ƙarfe a tsakaninsu.

Ba ina cewa abin da ya sami zaurenmu shi ne ya sami masallaci ba. Wannan hukuncin masana gini ne. Abin da kowa ya sani dai shi ne, a shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin da sabon gini na zamani, aka bar ainihin aikin Babban Gwani a ciki. Abin da nake cewa ya fi masallaci faɗi. Ginin ƙasa kamar doki yake, kullum yana son hannu. Mun janye hannun, sannan muna zargin ƙasa.

Kuma in zaure ya tafi, ba bango kaɗai ya tafi ba. Ana yi wa Zariya kirari da birnin ilimi, mutane kuma sukan zaci saboda Jami'ar Ahmadu Bello ne da aka buɗe a 1962, ko Kwalejin Barewa da ta dawo nan a 1949, ko Alhudahuda. Kirarin ya girme su duka. A zaurukan Unguwar Juma da Kona da Kusfa aka yi shi, inda ɗalibai ke tahowa daga nesa su zauna kan buzu gaban malami ana bin littafi layi-layi, daga Ahalari har manyan littattafan fiƙihu da nahawu. A zaure masu ɗinkin hannu ke zama da allura suna fitar da aska biyu da aska takwas a jikin babbar riga, sana'ar da ta kai sunan Zage-zagi kasuwanni masu nisa. A nan ake ɗaura aure, a raɗa suna, a karɓi gaisuwar mutuwa, a sasanta maƙwabta kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Baƙon da dare ya yi wa, a nan yake shimfiɗa tabarma ba tare da ya keta hurumin matan gida ba. Gidan da aka yi wa get da falo ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai an kafa rumfa an tare titi.

Ganuwa kuwa, wadda baka ke dangantawa da zamanin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, kullum raguwa take. Sunayen ƙofofi na nan a bakin 'yan acaɓa da masu Keke: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Kibo, Ƙofar Jatau, Tukur-Tukur. Amma a bi tsakanin wata ƙofa da wata a ga abin da ya saura. Wani wuri tudu ne da awaki ke hawa, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani wurin kuma gida ne zaune daram a kan inda bango yake. Haka kududdufai. Ramukan da aka haƙa aka gina birnin da ƙasarsu su ne kuma ke shanye ruwan damina. Muna cike su da shara, muna yanka filaye a kai, sannan in ruwa ya shiga ɗakuna mu ce ambaliya ce daga Allah. Ruwa dai ba ya manta hanyarsa. Rimayen da ake hango Zariya da su tun daga nesa, har unguwanni suka ci sunansu kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko, in ɗaya ya faɗi ba mai dasa wani.

Wajen ganuwa ma akwai abin dubawa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya wajajen 1911, shi ya haifi Sabon Gari da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar kudu, ya sa auduga da gyaɗa suka zama kuɗi. Tudun Wada ta cika da baƙi 'yan Arewa, kuma a can da cikin birni ne attajiran tsakiyar ƙarnin jiya suka riƙa sa magina su yi wa fuskar gida ado: dagi, takobi, agogo, keke, har da jirgin sama, duk da ƙasa aka fitar da su aka shafa launi. Kowane irin gidan nan labarin mai shi ne a rubuce a bango. Ƙalilan suka rage. A Wusasa, inda mishan ɗin Dakta Miller ya koma daga cikin birni a 1929, cocin Saint Bartholomew na nan, ginin ƙasa irin na Hausa, hannun maginan ƙasar nan. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Yaro nawa ne cikin masu wucewa ta gaban ginin kullum suka san cewa daga nan karatun boko da Hausa ya bazu a Arewa?

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai gida da ke da 'ya'ya goma da ɗaki uku ba gidan tarihi yake son zama ba. Azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, ƙasar gini sai an sayo a tifa daga bayan gari, magini na ƙwarai kuma sai an yi cigiya. Gado ma na raba gidaje: gida ɗaya ya zama na mutum ashirin, ba wanda zai ce yaɓe a wuyansa yake. Ba ni da bakin hana kowa yin bulo da kwano, ni ma a cikinsu nake kwana yanzu. Kuma duk ginin da jama'a ke taruwa a ciki, in masana suka ce ya zama haɗari, rai ya fi gini, a rufe shi a gyara.

Abin da nake roƙo bai kai a hana kowa komai ba. Masarauta na da Sarkin Magina, kuma har yanzu akwai dattawa a cikin birni da suka san yadda ake tayar da bakan gizo da ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke gittawa juna a tsakiyarsa. Yawancinsu sun haura sittin. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen koyar da zanen gine-gine da ke cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga Ƙofar Doka. Me zai hana a haɗa su? A zaɓi zauruka da soraye ko da talatin ne a unguwannin birni, da yardar masu su, a auna su a zana, a rubuta wanda ya gina da zamanin da aka gina. A ware kuɗin yaɓensu na shekara, wanda bai kai abin da ake kashewa a bikin buɗe titi ɗaya ba, a ba dattawan nan aikin bisa sharaɗin kowannensu ya ɗauki matasa yana koya musu, ana biyansu. Matashi ba ya gudun sana'ar da ke ciyar da shi. A kuma shata abin da ya rage na ganuwa da kududdufai, ƙaramar hukuma da masu unguwanni su daina sa hannu a takardar filin da ya hau kansu. Attajiranmu da ke gina manyan gidaje a GRA da Abuja, da ɗayansu zai sa a yi masa zaure ɗaya na ƙasa da ɗaurin guga a ƙofar gida, da gobe goma sun kwaikwaya, magini ya samu kasuwa.

A Jos, a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihi, akwai kwafin masallacin Zariya da aka gina da ƙasa. An yi shi ne a lokacin da ake da hannayen da za su iya. Kwanakin baya na je gaisuwa tsohuwar unguwarmu, na tambayi jikan maginin gidanmu ko a danginsu akwai sauran mai hawa soro. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Yaya, sai dai Baba Ƙarami, shi ma gwiwa ta hana shi hawa tsani tun bara."