Wasiyyin da bai san an naɗa shi ba

Jama'a, akwai maganar da muke gudu a Ikkon nan, kuma gudun nata ne yake tarwatsa gidajenmu. Za ka zauna da ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba ku yi hirar farashin buhun albasa, ku yi ta Dala, ku yi ta siyasa har isha'i, amma da zarar ka ce "Alhaji, ka rubuta wasiyya kuwa?" sai fuskarsa ta canja, ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Alhali hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Kwana biyu aka ce, mu kuwa sai mutum ya shekara talatin yana nema a Legas bai rubuta ko layi ɗaya ba.

Mu 'yan Arewa mazauna nan mun fi kowa buƙatar wannan, domin dukiyarmu a warwatse take. Ɗauki ɗan kasuwar Mile 12 guda ɗaya. Yana da rumfa, yana da kaya a kan hanya cikin tirela, yana bin masu sari bashi, manoma a gida suna bin sa. Ya sayi fili a Ikorodu, ya gina gida a garinsu, yana da shanu a hannun makiyayi, yana cikin adashi, kuma akwai kuɗin mutane da suka ba shi ajiya. Duk wannan lissafin yana cikin kansa da cikin wayarsa. Iyalin ma biyu ne, uwargida da manyan 'ya'ya a Arewa, amarya da ƙanana a nan, wani lokaci yaran ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

Na zauna a wani zaman makoki a Agege. Ana cikin karɓar gaisuwa a kan tabarmi, wani dattijo ya matso kusa da babban ɗan mamacin, ya yi ƙasa da murya ya ce akwai kuɗin Hajjinsa da ya ba marigayi ajiya. Ba takarda, ba shaida. Yaron ya ɗauko wayar mahaifinsa yana juya ta a hannu, a kulle take, da yatsan mai ita ake buɗewa, mai ita kuwa yana makwancinsa. Dattijon ba maƙaryaci ba ne, yaron ma ba azzalumi ba ne, amma daga ranar zargi ya shiga tsakanin gidaje biyu da suka daɗe suna cin abinci tare. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Wasu suna cewa ai Allah ya riga ya raba gado, mene ne amfanin wasiyya? Gaskiya ne ya raba, a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 da 176. Matan mamaci suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji yana da rabon mata biyu, kuma babu wasiyya ga magaji. Ba wanda ya ce ka taɓa wannan. Amma kafin a kai ga rabo sai an yi jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, kuma malamin da zai raba ba zai san mene ne naka mene ne na mutane ba sai ka faɗa. Sannan akwai sulusin da Annabi (SAW) ya yarje wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da shi, ya ce sulusin ma da yawa. A nan ne za ka tuna da jikan da ubansa ya riga ka rasuwa, wanda baffanninsa za su kare shi daga gado, da ɗan riƙo, da yaron shagon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan dukiyarka, da matar da ka aura wadda ba Musulma ba, tunda ba ta gadonka. Idan kuma ka ce ka ba wata cikin matanka kyautar gida, to ka miƙa mata shi hannu da hannu tun kana da lafiya, a yi takarda. A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado.

Mu kuma tuna inda muke zaune. Jihar Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati irin ta Kano ko Sakkwato. Banki da kamfanin fansho ba ruwansu da cewa malam ya raba, takardar babbar kotu suke nema. Sunan da ka cike a fom ɗin banki a matsayin na kusa da kai ba ya ba mutum ikon cire ko sisi. Idan babu wasiyya, sai iyali sun nemi takardar izinin kula da dukiya, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa a jarida, a yi watanni ana zirga-zirga Ikeja, marayu kuwa kuɗin makaranta ba ya jira. Wasiyyar da kotu za ta karɓa dole ta zama a rubuce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu. Kada ka sa wanda ka yi wa wasiyyar wani abu ya zama shaida, zai rasa abin. Idan da Turanci aka rubuta kuma ba ka karanta shi, lauya ya rubuta a jiki cewa an karanta maka an fassara. Shawarata ita ce ka haɗa malami da lauya a kan takarda ɗaya, domin a 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Kotu abin da ka rubuta take dubawa, don haka ka rubuta ƙarara cewa a raba dukiyarka bisa Shari'a.

Inda na fi so mu tsaya shi ne kan wasiyyi, wanda zai zartar da duk wannan. Nan ne har waɗanda suka rubuta suke yin sakaci. Mutum zai sa sunan amininsa a takarda, ya kulle a durowa, aminin bai sani ba sai ranar sadakar uku. Ka ɗora wa bawan Allah kaya a ka cikin duhu, ka ce ya kai gidan da bai taɓa zuwa ba. Yaya za a yi ya kai?

Ka nemi yardarsa tukuna, don yana da ikon ya ƙi. Ka zaɓi mai amana wanda kuma ya iya shiga ofis ya fita, ba lallai sai babban ɗa ko babban wa ba. Girman shekaru daban, iya riƙon dukiyar marayu daban. Mutum biyu sun fi ɗaya a halin da muke ciki, ɗaya a Legas ɗaya a gida, kuma a samu wanda ya fi ka ƙuruciya a cikinsu. Bayan ya yarda, ka ɗauke shi a mota ka kai shi filin nan na Ikorodu ya ga iyakarsa da idonsa, ya san maƙwabta, ya san dangin da suka sayar maka, ya san inda rasit da takardar safiyo suke, domin fili a Legas in aka ji mai shi ya rasu ba a rasa mai zuwa ya ce na kakansa ne. Ka gabatar da shi ga shugabannin kasuwarku. Ka nuna masa littafin bashi, wanda kake bi da wanda ake bin ka, da shafin ajiyar mutane daban. Ka faɗa masa bankunan da kake hulɗa da su da yadda za a buɗe wayarka. Ka kuma yanke maganar da take fara haddasa rigima tun gawa tana kwance: a nan za a binne ka ko gida za a kai ka.

Sannan ka tara iyalinka, na nan da na gida, ko ta waya ce, ka ce musu wane da wane na wakilta. Ba sai ka karanta musu abin da ke ciki ba. Amma idan uwargida da amarya suka ji sunan daga bakinka, ba wadda za ta ce gobe ɗan ɗakin kishiyarta ne aka kawo. Takardar kanta ana iya ajiye ta a sashen kula da wasiyya na Babbar Kotun Legas, kwafi ɗaya a wurin lauya, wasiyyi ya san inda take. Duk lokacin da aka yi maka haihuwa, ko ka ƙara aure, ko ka sayar da wata kadara, ka koma ka gyara, ka kira wasiyyin ka sanar da shi abin da ya canja.