Fasto a Iowa, daliget a Abuja

Daren 15 ga Janairun 2024 sanyi a Des Moines, babban birnin jihar Iowa ta Amurka, ya kai kusan digiri 20 ƙasa da sifili, irin wanda gashin hanci ke ƙanƙara kafin mutum ya isa mota. A wannan daren ne maƙwabcina, wani dattijo dikon a cocinsu, ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce in zo in ga yadda ake fidda gwanin takarar shugaban ƙasa. Ba ni da ƙuri'a a ƙasar nan, ɗan kallo ne ni. Na jibga riguna uku na bi shi.

Ɗakin wasanni ne na wata makarantar firamare. Da ƙarfe bakwai aka buɗe taro da addu'a, aka yi wa tuta mubaya'a, sannan kowane ɗan takara aka ba wakilinsa 'yan mintoci ya yi talla. Aka raba guntayen takarda, kowa ya rubuta suna, aka ƙirga a bainar jama'a. Shi ke nan fa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda rabin ɗakin suka san juna, ana ta tambayar jikin wance da jikan wane. Na tambayi dattijon, ya ce ai tare suke zama ranar Lahadi.

Waɗannan su ne Kiristocin Ebanjelika, masu bishara a bakinmu, dangin ECWA ta gida a aƙida ko da yake siyasarsu daban. Iowa ce ke buɗe zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Rifablikan, kuma fiye da rabin masu fitowa wannan taro 'yan bishara ne. Jihar tana da mutum sama da miliyan uku, amma a daren nan kimanin 110,000 kawai suka fito. Idan masu fitowa kaɗan ne, duk wanda ke da jama'a masu haɗuwa kowane mako, masu lambar wayar juna, masu motar ɗauko tsofaffi, shi ke da wuƙa da nama. Ban ga wani asiri da ya wuce wannan ba.

Sun daɗe suna nuna hakan. A 1988 Pat Robertson, mai wa'azin talabijin, ya zo na biyu a Iowa, ya bar mataimakin shugaban ƙasa George Bush uba a na uku. A 2008 Mike Huckabee, tsohon faston Baftis, ya ci jihar da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A 2012 Rick Santorum ya zaga duk ƙananan hukumomi 99 na jihar ya doke Mitt Romney da ƙuri'a 34 kacal, shi kuwa ɗan Katolika ne ma. A 2016 Ted Cruz. Duk ukun nan na baya wani mutum mai suna Bob Vander Plaats, jagoran wata ƙungiyar iyalan Kirista, ya ɗaga hannunsu, har ake masa kallon mai naɗa sarki. Sai dai ko ɗayansu bai samu tikitin jam'iyyar ba. McCain ya ɗauka, Romney ya ɗauka, Trump ya ɗauka.

Trump ɗin nan shi ya sa na sake tunani. Mutumin da ya yi aure uku, ya yi harkar gidajen caca, ya je jami'ar Liberty ta 'yan bishara a Janairun 2016 ya kasa faɗin sunan wasiƙar Korintiyawa ta biyu yadda kowane ɗan makarantar Lahadi ke faɗinta, ɗalibai suna dariya ƙasa-ƙasa. Ba a yi mako biyu ba shugaban jami'ar, ɗan Jerry Falwell wanda ya kafa ƙungiyar siyasar Kiristoci ta Moral Majority a 1979, ya mara masa baya. A babban zaɓe kusan 81 cikin ɗari na fararen 'yan bishara Trump suka zaɓa. A daren da nake ba ku labari kuwa, Vander Plaats gwamnan Florida Ron DeSantis ya ce a bi, mutanensa suka ji suka yi kunnen uwar shegu, Trump ya tashi da 51 cikin ɗari.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, “Baba, kai da ba ka shan giya, ba ka zagi, me ya haɗa ka da wannan?” Ya ɗan yi shiru yana goge gilashi. Ya ce shi fasto yana da shi, mai gadi yake nema. Ya lissafo min alƙalai uku na Kotun Ƙoli, Gorsuch da Kavanaugh da Barrett, da hukuncin Yunin 2022 da ya soke 'yancin zubar da ciki a matakin tarayya, da mayar da ofishin jakadancin Amurka a Isra'ila zuwa Ƙudus a 2018. Tun a Mayun 2016 Trump ya fitar da jerin sunayen alƙalan da zai zaɓa daga ciki. Ciniki aka yi da rana tsaka, kuma an kawo kaya.

Kada a ɗauka yabo nake. Ni Musulmi ne, maganar Ƙudus ta ƙona min rai, kuma shugaban da suka ɗora ne ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama a 2020. Da yawan abin da suke so ba na so. Dabarar nake kallo.

Don a gida abin juye yake. Mun fi su cika masallaci da coci nesa ba kusa ba, amma ranar fidda gwani ba mu nan. A Yunin 2022 a dandalin Eagle, daliget dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ne suka zaɓa wa APC ɗan takara. Yemi Osinbajo, mataimakin shugaban ƙasa kuma fasto a Redeemed, cocin da ke tara mutane kamar ƙasa, ƙuri'a 235 ya samu. Tinubu 1,271. Fasto Tunde Bakare ya sayi fom na naira miliyan 100, ya hau mumbari ya yi jawabi, aka ƙirga bai samu ko ɗaya ba. Daliget ba ya jin huɗuba, gwamnansa yake ji, sai kuma koren takardar da kowa ya san ta yi yawo a otal-otal na Abuja a wannan lokaci, a jam'iyyun biyu.

Sai an gama rabon nama ake kiran addini ya zo ya yi fatiha. Nan aka shiga rigimar Musulmi da Musulmi, CAN ta ce ba ta yarda ba, malamai suka hau mumbari suna cewa jihadi ne, fastoci suna cewa a ceci coci. Kuma me aka nema a rubuce? Ni dai ban ga jerin komai ba. Ban ga an ce ga adadin makarantun tsangaya da za a gyara, ko ga abin da za a yi wa hanyar Birnin Gwari ba. Sunan ɗan takara aka duba, da inda yake fuskanta in zai yi ibada. Mutanen Iowa sun haƙura da ibadar ɗan takara sun karɓi alƙalai, mu mun karɓi ibadar, sai Allah ya kyauta.

Washegari na kira yayana a Kaduna, wanda ya taɓa zama daliget na ƙaramar hukuma, na zayyana masa duk abin da na gani, har guntayen takardar da kwandon da aka tara su. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, “To ƙane, su da suka fito cikin wannan sanyi, nawa aka ba kowa na mota?” Na ce Yaya ko sisi, shi dattijon ma shi ya sayo min shayi a hanya. Ya ce in sake tambaya da kyau, wataƙila ba a raba a gabana ba.