Harshen damo ba laifin harshe ba ne

Shekaranjiya ƙanwata ta turo min saƙo: "Yaya, akwai kuka gidan Inna." Gabana ya faɗi. Ko hula ban tsaya ɗauka ba na haye mashin daga Tudun Wada, ina ta salati cikin ranar Gusau. Ina shiga na tarar da Inna zaune kan tabarma tana tankaɗe garin kuka, hancinta duk ya yi kore. Ashe ta miya ake nufi, wai in zo in ɗebar wa matata.

A baki ba mai haɗa kukan mutum da kukar miya, karin sauti ya raba su. Boko ne ba ya rubuta karin sauti, haka ma tsawon wasali. Shi ya sa "fari" guda a takarda ke ɗauke da launi, da rashin ruwan sama, da farkon abu. Mu nan ma "muna" tana iya zama "mana", abin da ke rikita Bakano.

Amma ni ban yarda da masu cewa kowace magana sai an yi mata ƙeƙe-da-ƙeƙe ba. Ma'ana ba cikin kalma kaɗai take zaune ba. Tana wurin mai faɗi, da wanda aka faɗa wa, da lokacin. Ka je neman aure, uban yarinya ya ce "To, mun ji." Ya bayar? Ya hana? Kawuna ya ce duka biyun yana riƙe da su, har ya gama bincike. Da ya ce "a'a" ɓaro-ɓaro, gida biyu sun daina gaisawa. Wannan harshen damon sutura ce.

Ko malamai sun san da haka. Kalmar "ƙuru'i" a aya ta 228 cikin Baƙara tana ɗaukar tsarki, tana ɗaukar haila. Malikiyya da Shafi'iyya suka tafi kan tsarki wajen lissafin idda, Hanafiyya suka ce haila, kuma ba wanda ya ce Larabci ya gaza.

Inda nake jin haushi shi ne mai fakewa da harshen damo ya ci haƙƙin mutane. Wani telana tun azumi yake ce min "gobe in Allah ya yarda." Ga Babbar Sallah ta wuce, shaddata na nan cikin ledarta, ko almakashi bai taɓa ta ba.