Yadda Kwamfutata Ta Kai Ni Jamus Ba Biza

Ɗan ƙanwata ne ya jawo min. Yaron yana karatun kwamfuta a nan Jidda, kuma tun da ya fara ba ya ganin na'ura ya bar ta lafiya. Ya shigo shagona a Balad, inda nake haɗa wa 'yan Kantin Kwari abaya da turare, ya leƙa kwamfutata ya kama baki.

"Kawu, a tsirara kake yawo a intanet. Bari in sa maka Tor, in bi da komai ta ciki."

Na ce wa ya damu da farashin abaya? Sai ya zauna ya zuba bayani. Wai duk abin da na aika zai ratsa kwamfutoci uku na 'yan sa-kai a ƙasashe daban-daban, a nannaɗe rufi kan rufi kamar albasa. Ta farko ta san ni amma ba ta san inda za ni ba, ta ƙarshe ta san inda za ni amma ba ta san ni ba. Ya ce fasahar daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ta fito a shekarun 1990. Da jin sojan ruwa na miƙa masa kujera.

Washegari na kunna. Shafi ɗaya sai da na gama shayi kafin ya buɗe, da ya buɗe kuma da Jamusanci ya gaishe ni, don ta can saƙona ya fita. Duk inda na nufa sai an tsare ni a ƙofa, wai in nuna hotunan da ke da danja don a tabbatar mutum ne ni. Ni da jikoki! Na kira abokin cinikina a Kano, shiru. Yaron ya ce Tor ba ya ɗaukar irin hanyar da kiran murya ya fi bi. Da yamma ladan yana kiran magariba a bayan shago, shafin lokutan salla yana rantsuwa rana na nan tsakar sama.

Banki ne ya ƙarasa ni. Ashe Tor yana sauya hanya kusan duk minti 10, sai suka ga na shiga asusuna daga Jamus, jim kaɗan kuma daga Holan. Suka garƙame shi, kuɗin mutane na ciki, ga dila uku na jiran mai kago.

Na ɗauki iƙama, katina na izinin zama, na tafi bankin. Ma'aikacin ya dubi allo, ya dube ni, cikin ladabi ya tambayi yaushe na dawo daga Turai. Ni da bana ko Ɗa'ifa ban leƙa ba.

Na dawo ina huci na labarta wa yaron. Sai fuskarsa ta washe.

"Ka gani ko, Kawu? Ko bankinka bai gane ka ba!"