Wa ya bar uwar Anakin a hannun ubangida?

Sama da shekara ashirin ke nan da George Lucas ya kammala fina-finai ukun nan da suka koma baya don nuna yadda yaro Anakin Skywalker ya zama mugun nan Darth Vader, amma har yau masoya Star Wars a nan Ingila ba su gaji da musu a kansu ba. The Phantom Menace ya fito a 1999, Attack of the Clones a 2002, Revenge of the Sith kuma a 2005. Da aka sake haska na ukun a silima a 2025, sai musun ya dawo sabo fil.

Waɗanda suka tashi da fina-finan asali na 1977 zuwa 1983 cewa suke an zubar wa Vader da kwarjini, an mai da shi saurayi mai yawan ƙorafi, kuma lalacewarsa ta yi gaggawa. Yanzun nan Anakin ya kai ƙarar Palpatine, mugun shugaban gwamnati, wurin Mace Windu, babba a ƙungiyar mayaƙan Jedi da ta raine shi, kafin wani lokaci yana cikin haikalin Jedi yana karkashe yara. Masu kāre fim ɗin kuma su ce Palpatine ya yi shekara 13 yana hure masa kunne, don haka babu batun gaggawa.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kowane ɓangare ke tsallake Shmi, uwar yaron. Anakin bawa ne ɗan shekara 9 a duniyar saharar Tatooine, shi da uwarsa mallakin wani ɗan kasuwa ne mai suna Watto. Wani malamin Jedi, Qui-Gon Jinn, ya ci yaron a caca, bayan ya karkatar da ƙwayar cacar da ƙarfin ɓoyensa don ta faɗa kan ɗan, ba kan uwar ba. Aka tafi da yaro. Shekara goma cur, ga majalisar Jedi da haikalinta a Coruscant, ga Padme sarauniyar Naboo wadda yaron nan ya taimaka aka ceci ƙasarta, amma ba wanda ya koma ya fanshi mace ɗaya. Wani manomi ne, Cliegg Lars, ya saye ta, ya 'yanta ta, ya aure ta.

In na tayar da wannan magana a cikin abokan aikina Turawa, sai su kawo mini ƙa'idar Jedi ta hana shaƙuwa, da nasihar da Yoda, babban malamin Jedi, ya yi wa Anakin cewa ya koyi sakin duk abin da yake tsoron rasawa. A wurinsu falsafa ce mai daɗin tattaunawa. A wurin wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram kuwa, raba yaro da gida a kai shi gaban malami a gari mai nisa ba falsafa ba ce, almajiranci ne, kuma mun daɗe muna jayayya a kan amfaninsa da illarsa. Amma ko malamin da ya fi kowa tsauri ba zai ce wa ɗalibinsa begen uwa rauni ne ba. Da a ce an fassara fim ɗin nan an haska a gidan kallo a gida, na tabbata tun kafin a kai rabi za a yanke wa malaman Jedi hukunci.

Kuma da gaskiyar masu yanke hukuncin. Waɗannan malaman dai su ne suka karɓi rundunar da aka ƙyanƙyashe a Kamino daga jikin mutum ɗaya, Jango Fett, sojojin da ba a taɓa tambayarsu ko suna son yaƙi ba, suka zama kwamandojinsu. Wanda bautar mace ɗaya ba ta hana shi barci ba, ta runduna ma ba za ta hana shi ba. A ganina wannan shi ne tunani mafi ƙarfi da Lucas ya zo da shi, sai dai ya binne shi a ƙarƙashin zaman majalisa da wasan takubba.

To amma mu ma muna da namu halin. Mun saba bos bos ne, jarumi jarumi ne, fim kuma ya ƙare da tuba ko da sakayya. Tambayarmu ta farko ita ce wace tarbiyya fim ya koyar, ba ko labarin ya ɗauru ba. Saboda haka da zarar mun ɗora wa Jedi laifi, sai mu wanke Anakin tas, mu ce maraici ne, zuga ce, ƙaddara ce. A nan ne na fi yarda da Turawan. Bayan uwarsa ta cika a hannunsa a sansanin 'yan Tusken da suka sace ta, bai bar kowa da rai ba, har mata da ƙananan yara, kuma da bakinsa ya gaya wa Padme. Wannan fa mace ce da ta hau sarauta tana shekara 14, sanata ce da ke adawa da kafa rundunar yaƙi. Ta ji wannan ta'asa, ta rarrashe shi da cewa fushi halin ɗan Adam ne, kuma kafin fim ɗin ya ƙare an ɗaura musu aure. Ba Padme ce ta yi wannan zaɓi ba, marubuci ne da ke buƙatar a haifi Luke da Leia, jaruman fina-finan asali, ko ta halin ƙaƙa. Haka marubucin ya kashe ta wurin haihuwa da hujjar wai ta daina son rayuwa, alhali a fim ɗin 1983 Leia ta ce tana tuna uwarta.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai, wanda ba kasafai ake ambatonsa a musun nan ba. 'Yan Tusken mutanen sahara ne masu rufe fuska, ba a fassara mana maganarsu, kuma a Tunisiya aka ɗauki yawancin hotunan Tatooine. Kisan yaransu bai hana aure ba, bai jawo bincike ba. Sai da aka taɓa yaran haikali sannan fim ɗin ya yarda cewa Anakin ya zama mugu.

Ai ana iya rubuta irin wannan labari ba tare da wannan ha'inci ba, kuma a gidan Star Wars ɗin aka yi. Andor, wanda Tony Gilroy ya fara a 2022 don nuna abin da ya faru kafin fim ɗin Rogue One, ya buɗe ne da jaruminsa Cassian ya kashe masu gadin kamfani biyu, na biyun ma yana roƙonsa rai. Ba manyan mutane ba ne, ba kuma mutanen kirki ba, amma kisan nasu ne ya jawo farautarsa, ya sa Daular Palpatine ta mamaye garinsu Ferrix, ya raba shi da Maarva, matar da ta raine shi, har ta rasu ba ya kusa.